Ga ƙanwata da ta samu gurbin karatun likitancin dabbobi a Serdang

Assalamu alaikum, ƙanwata.

Saƙonki ya same ni ina ɗakin gwaje-gwaje, sai da dare ya yi na zauna na sake karanta shi a natse. Kin ce an ba ki gurbin karatun likitancin dabbobi a Jami'ar Putra ta Maleshiya, nan Serdang inda nake, amma murna ta koma ciki. Gwaggonki ta ce ashe duk ƙwazon nan a bin karnuka zai ƙare, ƙawayenki sun laƙaba miki "likitar awaki", shi kuma wanda aka yi muku baiko ya ƙi cewa komai, in kin taso da maganar sai ya ce a bar wa Allah. Kina tambaya ko ki taho, in kuma kin taho yaya za ki yi da nisa.

Barka, ƙanwata. Na fara da barka ne domin na lura ba wanda ya ce miki ita da zuciya ɗaya, alhali kin cancance ta. Allah ya sanya albarka.

Maganar gwaggo ba sabuwa ba ce a kunnena. Ranar da sunana ya fito a Zariya, wani kawuna ya ce, "To me ya hana a ba ki na mutane?" Shekara shida na yi ina karatun, shekara shida ina amsa wannan tambaya a gidajen biki da suna. A wurin mutanenmu likita shi ne wanda ya duba su ranar da suka kwanta. Aikinmu kuwa in ya yi kyau ba a ganinsa, domin cutar da aka tare tun tana jikin saniya ba ta isa gadon asibiti balle a yi mata godiya. Kada ki riƙe gwaggo a zuciya. Ba ƙiyayya ba ce, abin da ta sani ke nan.

Amma ke ya kamata ki san abin da kika riƙa. Ki tambayi duk wani dattijon Bafulatani abin da cutar bushiya, annobar shanu, ta yi wa garkunan Arewa a 1983, za ki ga fuskarsa ta canja. Mutane sun kwana da dukiya sun wayi gari da sanda kawai. A 2011 aka sanar da cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa gamawa da ita bayan agana, kuma likitocin dabbobi da masu allura da suka bi ruga ruga ne suka yi aikin. Cibiyar bincike ta Vom, kusa da Jos, tun 1924 take wannan fama. A watan Fabrairun 2006, aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye mai tsanani nau'in H5N1 karon farko a Afirka a wata gonar kaji kusa da Jaji a Kaduna, kuma su waye aka kira? Naman da gwaggo ke saya, kafin ya bar kwata akwai wanda ya kamata ya duba huhu da hanta ko da tarin fuka ko tsutsa. Nonon da ba a tafasa ba yana iya kai bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, zuwa jikin mutum, a yi ta maganin zazzaɓin sauro wata da watanni ba sauƙi. Haukan kare kuwa, da zarar alamunsa sun bayyana a jikin yaro sai dai addu'a, alhali allurar da ake yi wa karen ce ke katse hanyar tun daga tushe.

Ƙasar da za ki zo ma ta ɗanɗana. A 1998 zuwa 1999 wata cuta ta kama masu kiwon aladu, aka fara zaton sauro ne ke yaɗa ta, ana ta feshi mutane na ta mutuwa. Daga baya aka gano sabuwar ƙwayar cuta ce da ta fito daga jemagu masu cin 'ya'yan itace, ta bi ta aladu ta shiga mutane. Aka sa mata suna Nipah, sunan wani ƙauye a jihar Negeri Sembilan. Mutum fiye da 100 suka rasu, aka hallaka aladu fiye da miliyan ɗaya kafin a shawo kanta. Shi ya sa a nan in kika ce likitar dabbobi ce ke, ba mai yi miki dariya.

Akwai kuma abin da ya shafe ki a matsayinki na mace. Awaki da tumaki da kajin da ke cikin gidajenmu yawancinsu na mata ne. Su ne asusunsu, da su ake kayan ɗakin 'ya, da su ake biyan kuɗin magani. In annoba ta shigo da hunturu ta share kajin unguwa, malamin dabbobi namiji iyakarsa zaure. Ke za ki shiga har madafi, ki zauna a kan tabarma, a gaya miki gaskiyar abin da aka ba akuyar kafin a kira ki. Na yi wannan aikin shekara uku kafin in fito, kuma ban taɓa jin ina da amfani kamar lokacin ba. Wadda ta kira ki likitar awaki ta faɗi gaskiya, ki amsa sunan.

Batun kare ba zan ɓoye miki ba: za ki taɓa karnuka, za ki kuma karanci alade, har ki shiga gonarsa, domin yana cikin manhaja. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya, malamanmu suna ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki. A nan Shafi'iyya ake bi, hukuncinsu ya fi tsanani, saboda haka za ki ga ɗalibai Musulmi suna sa safar hannu, bayan aiki su yi wanki bakwai, ɗaya da ƙasa, har sabulu na musamman ake sayarwa mai yumɓu a ciki. 'Yan mata masu lulluɓi cike suke da tsangayar, suna aikinsu suna sallarsu. Ki je wurin malamin da kika amince da shi ki yi tambayoyinki tun kina gida, domin hankalinki da na Baba ya kwanta. Ki kuma tuna wa gwaggo, cikin ladabi, hadisin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

To, duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni barci a saƙonki shi ne shirun mutuminki.

Ni da aurena na zo, a ƙarshen 2019, karatun digiri na uku. Muka shirya da maigidana cewa zan kama gida, shi da 'yarmu mai shekara biyu su biyo ni bayan wata shida. Ranar 18 ga Maris 2020 aka rufe Maleshiya saboda korona, ba a buɗe iyakoki sosai ba sai 1 ga Afrilu 2022. Yarinyar da na bari tana koyon magana, a waya na ji ta fara karanta Fatiha. Akwai ranar da aka miƙa mata wayar ta ƙi karɓa, ta ce wasa take yi. Na kashe wayar na zauna a ƙasan ɗaki na yi kuka har aka kira sallar asuba. Ina gaya miki wannan ne domin kada wani ya ce miki ai yanzu akwai WhatsApp, nisa ya ƙare. Bai ƙare ba.

Tsakanin nan da Kano awa bakwai ne. Lokacin da ya taso daga aiki ya ci abinci yana son hira, wajen tara na dare, ke ƙarfe huɗu ne na asuba a wurinki, kuma da safe kina da darasin fiɗa. In kin dawo a gajiye da magariba, shi rana ce tsaka, yana kasuwa ko ofis. Watanninmu na farko a faɗa suka tafi, ba kan komai ba sai "na kira ba ki ɗauka ba" da "na ga kana kan layi ba ka amsa ba". Abin da ya cece mu shi ne mun tsayar da lokaci ɗaya wanda ba ya motsi: bayan na idar da sallar asuba, wajen shida da rabi a nan, sha ɗaya da rabi na dare a can. Minti ashirin ne wani lokaci, amma kullum. Sauran yini kuwa saƙon murya, kowa ya saurara in ya samu sarari, ba tuhuma. Muka kuma yi alkawarin cewa duk abin da wani ya kawo wa ɗayanmu na "an ce", a ranar za a faɗe shi. Kuma an kawo. An je an ce masa mace ba ta shekara biyu ita kaɗai a ƙasar waje lafiya lau. An zo an ce mini ana nema masa mata. Da mun bar maganganun nan sun kwana a ciki, da yanzu wani labarin ake yi.

Amma ki lura da bambancinmu. Ni maigidana shi ya cika mini takardun neman gurbin da hannunsa. In abokansa suka tsokane shi da cewa matarsa na can tana yi wa shanu allura, shi yake ba su labarin bushiya. Nisa ya wahalar da mu, amma bai taɓa sa ni tunanin ko yana jin kunyar aikina ba. Naki kuwa har yanzu ba ki san inda ya tsaya ba. Barin abu ga Allah gaskiya ne, dukkanmu gare shi muka dogara, sai dai ana ɗaure raƙumi tukuna. Mai yiwuwa tsoro ne ya rufe masa baki, yana ganin in kin tafi kin fi ƙarfinsa. Mai yiwuwa nauyin iyayensa yake ji. Mai yiwuwa kuma yana cikin masu dariyar, yana jira ne ki haƙura da kanki ba tare da an ce shi ya hana ba. Waɗannan ukun maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba za ki gane wanne ne ba sai kin tambaye shi kai tsaye: shin zai iya tsayawa a gaban danginsa ya ce matar da zai aura likitar dabbobi ce, ba tare da ya sunkuyar da kai ba?

Ga kuma abin da doka ta tanada, domin ku yi lissafi da shi. Karatun nan shekara biyar ne. Ɗaliban Nijeriya masu digiri na farko ba a ba su damar kawo miji ko mata su zauna da su, sai masu digiri na biyu da na uku, kuma ko su ɗin, wanda aka kawo ba shi da izinin yin aiki. Ke ma aikin da aka yarda ɗalibi ya yi kaɗan ne, lokacin hutu kawai. Babu jirgi kai tsaye zuwa gida, sai ta Doha ko Adis Ababa ko makamantansu, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 kuɗin tikiti ya zama abin da iyali ke zama su tattauna. In kin samu zuwa gida sau ɗaya a shekara kin yi sa'a. A shekarun ƙarshe ma hutun ba naki ba ne duka, ana tura ku gonaki da asibitoci.

In an ɗaura aure kafin ki taho, ki sani kin zo da haƙƙin miji a kanki, kuma zancen haihuwa zai taso. Juna biyu a shekarun asibiti ba wasa ba ne, ga ɗakin hoton ƙashi, ga iskar maganin sa barci, ga cututtukan da ke tsallakowa daga dabba su taɓa ɗan tayi. Ana yi, na ga waɗanda suka yi, amma da shiri. In kuma a baiko za a tsaya, shekara biyar ba kwana biyar ba ce ga saurayi mai lafiya da dangi a kansa. Ki tambayi zuciyarki tun yanzu: in kika ji ya yi aure kina aji uku, za ki iya shiga a ta biyu, ko a nan za ku rabu? Gara ki amsa wa kanki wannan a ɗakin Inna da ki amsa shi ke kaɗai a nan ana gobe jarrabawa.

Akwai hanya ta uku da ban so ki raina. Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna koyar da wannan fanni, kuma dabbobin da za ki yi rayuwarki a kansu can suke: farar saniya, jar akuyar Sakkwato, balami, raƙumi. Kina iya yin digirin farko a gida kusa da shi, sannan ku fito tare a na biyu, lokacin da doka ta ba ki damar kawo shi. Yawancin 'yan Arewa da ke tsangayar nan ta haka muka zo. Sai dai in za ki zaɓi wannan, ya zama don kin auna kin ga ya fi miki, ba don an yi miki dariya ba. In kuwa gurbin nan da tallafin karatu ya zo, kuma shi ya kasa buɗe baki ya ce yana tare da ke, ni dai a ganina kada ki ajiye abin da ke hannunki saboda wanda bai ce komai ba.

Ko wanne kuka zaɓa, kada ya tsaya tsakaninku ku biyu a waya. Ki gaya wa Baba ya kira waliyyansa a zauna, a faɗi shekarun karatu da bakin manya, a faɗi lokacin aure, a faɗi wanda zai ɗauki kuɗin zuwa gida. Maganar da aka yi a gaban dattawa ita ce za ta tsaya miki ranar da masu "an ce" suka fara aikinsu. Ki yi istihara kafin zaman. Sannan kafin a biya ko sisi, ki rubuta wa Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ki ji sharuɗɗan yin rajista ga wanda ya yi karatu a waje, domin sai da rajistarsu za ki yi aiki in kin koma.

Ki yi masa tambayar nan cikin makon nan, ki rubuto mini abin da ya ce, da kalmominsa yadda ya faɗe su. In tafiyar ta tabbata ki turo mini ranar saukarki, zan zo filin jirgi da kaina, kuma akwai katifa a ɗakin 'yata har ki samu masauki. Ki taho da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji mai yawa. Kilishi kam ki bar shi a gida, ba a shigo da nama nan sai da izini. Ki gaishe mini da Inna da Baba, da gwaggo ma.