Amsa ga ƙanenmu mai son hawan Tubkal ƙarshen Nuwamba

Salamu alaikum mutanen gida, ina kwananku, ya sanyin Tawa? Ƙanena, na saurari muryarka. Ka ce kai da abokan karatunka na Marrakesh za ku hau dutsin Tubkal na ƙasar Maroko ƙarshen Nuwamba, wai dusar ƙanƙara ba ta yi yawa ba tukuna, takalmin wasa ya isa. To tsaya ka ji.

Ƴar kaɗan ɗin nan ita ce abin tsoro. Da rana sai ta narke, ruwan ya bi duwatsu, dare ya yi ya daskare kamar gilashi, sannan wata sabuwa ta sauka bisa ta ruhe shi. Idonka na ganin hwari mai taushi, ƙahwarka na taka santsi. In ta yi kauri ma ka san da ita, ka yi shiri. Kuma hwa ba wurin hawa mutane sunka hi hwaɗuwa ba, wurin sauka ne, gwiwa ta gaji, hankali ya koma gida.

Tubkal mita 4,167 ne. Bagzan namu na Ayar, wanda ya hi kowane tsawo a Nijar, 2,022 ne, ka ga an ninka har da ƙari. Duk mita 1,000 da ka hau, zahi na raguwa da digiri 6 ko hiye, ka lissahwa daga Marrakesh, ban da iska.

Daga ƙauyen Imlil da ke gindin dutsin za ku tashi, ku bi ta Sidi Shamharush, ku kwana masaukin da ke wajen mita 3,200, ku hita tun da asuba da hitilar goshi. Ɗan jagora dole ne, hukuma ba ta barin kowa ya wuce babu shi, kuma in ya ce a juya, a juya, ban da gardamar ɗalibai. Nan Imlil ana ba da hayar takalmin dutsi da karampon, ƙarahunan nan masu haƙora da ake ɗaurawa ƙasan takalmi. Ku gwada ɗaura su tun ƙasa, ba sai yatsu sun sandare ba.

Kada ka sa rigar auduga jikin hwata, tana shan zuhwa ta riƙe, kana tsayawa sanyi ya kama ka. Waya kuma cikin aljihun ciki, sanyi na cinye batir. Ruwa, dabino, gilashin ido, don hasken dusa na ƙona ido.

In kai ya hwara sara, ga tashin zuciya, ga jiri, tsawon wurin ne, maganinshi sauka. Kada kunyar abokai ta sa ka yi shiru.

Af, Inna ba ta cikin gurup ɗin nan, kai za ka kira ta ka gaya mata da bakinka, ba ni ba. Kuma kahin ka biya kuɗin haya, ɗauko hoton ƙasan takalmin ka turo in gani.