Ku Tambaya Mu Amsa: Kanwa da saurin nunar wake

Tambaya: Assalamu alaikum. In na sa kanwa, nan da nan wake ke nuna. Amma ranar da na fara zuba tumatir, ko ya wuni a kan wuta sai ya ƙi. Mene ne dalili? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. A cikin ƙwayar wake akwai wani sinadari mai kama da danƙo, ana ce masa fektin, kalsiyam kuma, sinadarin nan mai ƙarfafa ƙashi, shi ke ɗaure shi tamau. Nunar wake ba komai ba ce illa warwarewar wannan danƙo, saurinta kuwa ya dogara ne da zafin ruwan da kuma tsaminsa.

Kanwa kishiyar tsami ce. Sodiyam kabonat da bayikabonat da ke cikinta suna sa fektin ya kakkarye da wuri, sodiyam ɗin kuma ya ture kalsiyam daga mazauninsa. Tumatir da tsamiya akasin haka suke yi, shi ya sa sai wake ya yi laushi ake zuba su. Ruwan rijiya mai yawan kalsiyam, irin wanda sabulu ba ya kumfa a ciki, shi ma yana jan lokaci.

Kada a jefa kanwar gaba ɗaya. A jiƙa ɗan gutsure kamar ƙwayar gyaɗa a rabin kofi, a bari yashin ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman cikin wake gwangwani uku. In ta yi yawa waken zai dagargaje, ya yi duhu, ya riƙa ɗanɗanon sabulu, ga asarar bitamin B1 da ba ya jure kanwa.

Sai batun zafi, inda mutane da yawa ke ƙona gawayi a banza. Tun 1889 Svante Arrhenius, masanin kimiyya ɗan Suwidin, ya bayyana yadda saurin haɗuwar sinadarai ke ƙaruwa da zafi. A ƙiyasi, ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salsiyas kan ninka saurin kusan sau biyu. To amma ruwa in ya tafasa ya tsaya ke nan, ko an tula itace ba zai wuce digiri 100 ba, ƙonewa kawai zai yi. Ku a Jos ma bai kai nan ba: saboda tsayin ƙasar, mita 1,200 da ɗoriya, ruwanku kan tafasa ne a wajen digiri 96.

Tukunyar matsi, wadda murfinta ke kulle tururi, tana kai ruwa kusan digiri 120. Ƙarin digiri 20 a kan 100, ninki biyu sau biyu ke nan, wato girkin awa ɗaya ya koma kamar minti 15 zuwa 20, ba tare da kanwa ba. Sai dai kada wake da ruwa su wuce rabin tukunyar, don kumfa da ɓawon wake na iya toshe hancin da tururi ke fita.