Gyaran tsohuwar kat-kat kafin tafiyar Agadas: daga aljihun wa kuɗin zai fito?

Wani ɗan kasuwa daga babbar kasuwar Maraɗi ya turo mana tambaya. Yana da tsohuwar kat-kat, watau mota mai ja da ƙafa huɗu, ƙirar Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, mai shan gazuwal (man dizal), wadda ta daɗe tana yi masa zirga-zirgar kasuwannin ƙauye. Yanzu yana son ya ɗora mata kaya zuwa Agadas ta hanyar Damagaram. Makanike ya duba ta, ya lissafo masa gyaran jaka 600, watau sefa dubu 600. Yana tambaya: ya biya duka, ko ya yi rabi ya ƙara sauran a kan jarin kaya?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin mu kai ga takardar makanike, akwai lissafin da ya riga ta, watau ko ita kanta tafiyar za ta ciyar da motar.

Daga Maraɗi zuwa Agadas ta Tasawa, Damagaram da Tanut, abin ya tasam ma kilomita 700, zuwa da dawowa kusan 1,400. Irin wannan mota in tana ɗauke da kaya, ka yi mata lissafin lita 14 a kowane kilomita 100, in an shiga rairayi kuma ta zarce haka. Ke nan wajen lita 200 na gazuwal kafin ka sa kuɗin direba, abinci da kuɗin hanya. Ga shi abin da bayanta ke ɗauka bai wuce kimanin ton guda ba, buhu 10 ke nan na kilo 100. Idan gero ko wake za ka loda, ribar buhu goma ba za ta biya wannan man ba. Wannan aikin manyan motoci ne, ka ba su kayan ka biya kuɗin buhu, ka kwana a gidanka. Kat-kat tana fitar da kuɗinta ne a wuri biyu: kaya marasa nauyi masu tsada, kamar atamfa, takalma ko kayan gyaran babur, da kuma wuraren da babbar mota ke shan wahalar shiga, irin garuruwan lambu na cikin duwatsun Abzin. Kuma kada ta dawo wayam. Albasa da tafarnuwa da dankalin turawa na wajen Tabelot, ko lemun Timiya in lokacinsa ne, su ne za su biya man dawowa. Ka samu mai saye a Maraɗi tun kafin ka tashi.

Idan wannan lissafin ya tsaya da ƙafafunsa, to mu dawo kan jaka 600 ɗin. Ba na son a raba ta biyu kamar ana cinikin akuya. Ka zauna da makaniken ku bi takardar layi-layi, kowane abu ka yi masa tambaya guda: in wannan ya lalace tsakanin Tanut da Adarbisinat, motar za ta iya ci gaba da tafiya? Abin da amsarsa a'a ce, a gyara shi yanzu. Saura su jira riba.

Na farko a wurina shi ne ruwan inji. Tsohuwar mota da ba ta taɓa yin zafi a hanyar Jirataua ba tana iya tafasa in ta yi awa biyar tana jan ton guda cikin rana. A ciro radiyato a wanke cikinsa, a matsa kowane tiyo da hannu. Wanda ya yi laushi ko ya fara tsattsagewa a bakin maɗauri, a canza shi. A duba famfon ruwa ko yana ɗiga. Injin da ya ƙone kansa saboda tiyon jaka biyar, gyaransa na iya cinye abin da ya fi duk takardar nan.

Na biyu, idan injinka 1HZ ne, mai silinda shida da aka fara sakawa a waɗannan motoci a 1990, yana da bel na cikin inji mai haƙora, wanda masu garaji ke kira kuruwar distiribisiyon. Ƙa'idarsa a canza shi a kilomita 100,000. Ba ya kuka, ba ya gargaɗi, in ya tsinke kuwa fistin ne ke dukan bawul. In babu wanda zai iya gaya maka ranar da aka canza shi, ka ɗauka ba a canza ba. A nan ne nake roƙonka kada ka nemi araha. Ka sayi na asali, ka tsaya a ɗaura shi a gabanka, a miƙo maka tsohon.

Sai tayoyi. Mutane na kallon zanen taya su ce da saura, alhali roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida, ko wadda gefenta ya yi ƙananan tsage, ba ta tafiyar arewa ba ce. Ka tafi da safaya biyu, da jak mai ƙarfi, da guntun katako da za a ɗora shi a kan rairayi. Birki, kuloci, ganyen sifirin na baya da batir su ma suna cikin wannan sahu. A juye baƙin mai, a sa sabbin filta, a riƙe filtar gazuwal ta biyu a mota saboda man bakin hanya ba kullum yake da tsabta ba. A kuma jarraba giyar ƙafa huɗu. Motar da ta shekara a kan kwalta sau da yawa sai an shiga yashi ake gane ta daina kamawa.

Fenti, kujeru, rediyo, gilashin da ba ya sauka: ka soke su.

Game da inda kuɗin zai fito, ra'ayina shi ne kada ka ci bashi don gyara, kuma kada ka zuba abin da ka rage a kan ƙarin kaya, tunda motar ma ba ta da wurin ɗaukar ƙari. Lodin da ya wuce kima shi ke karya sifirin. Ka rage kayan tafiyar farko in ya kama, ka ware aƙalla jaka 100 da ba ta cikin jari ba ta cikin kuɗin mai, don abin da ka iya tasowa a hanya. Sannan ka rubuta kuɗin gyaran a littafinka ka raba shi a kan tafiye-tafiyen da kake sa ran yi a shekara. In tafiya ɗaya ce tak, haya ta fi maka sauƙi.

Takardu kuma, kart giriz (takardar rajistar mota), asurans (inshora), bizit teknik (takardar binciken lafiyar mota), binyet (shaidar biyan harajin mota) da lasin direba, ka duba ranakunsu tun yanzu, tare da takardun kayan da jami'an duwan (kwastan) za su tambaya. Ka je tasha ka ji ta bakin direbobin da suka sauko daga Agadas a wannan makon kan yanayin hanya da tsaro, ku tafi da wata mota in da hali, kuma ban da tafiyar dare.

Ba a fafe gora ranar tafiya. In an gama gyara, ka loda mata nauyin da za ta ɗauka, direban ya kai ta Dakoro ya dawo da tsakar rana, idonsa a kan allurar zafi. Ku ajiye ta a kan siminti ta kwana, da safe ka leƙa ƙarƙashinta ka ga ko akwai ɗigon mai ko na ruwa.