Shugaban ƙasa zai iya ƙirƙiro jiha da kansa?

Malam, ka tambaya ko shugaban Najeriya zai iya yanka mana sabuwar jiha da alƙalaminsa. A'a, ba shi da wannan hurumin. Sashe na 8 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisun yankin sun nema, sannan kashi biyu cikin uku na jama'arsa su amince a ƙuri'ar raba gardama. Bayan nan sai rinjayen jihohi, sai kuma majalisar tarayya.

Wannan tsanani ya sa tun 1996, da Abacha, shugaban mulkin soja, ya ƙirƙiro Zamfara da Gombe da wasu huɗu, ba a ƙara ko ɗaya ba. Ina jin takaicin 'yan siyasar da ke yi wa talakawa alkawarin jiha alhali sun san haka.