Rufe Rumbu da Matan Tunga

Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Kin tambaye ni ko da gaske ne a da maigida kan liƙe rumbu bayan kaka ya tafi cin rani ya bar mata da yara, kuma in haka ne me suke ci, shin wannan ba zalunci ba ne. An yi haka ƙwarai, musamman a tungayen da ke nesa da gari, wajen Tangaza, Gudu, Gada, Illela da Sabon Birni. Tunga kuwa gida uku ce ko biyar a tsakiyar gonaki, babu shago, babu injin niƙa, kasuwa sai an yi sammako. Kulle na matan gari ne. Matar tunga da hauyarta take.

Fara da lissafin. Daminarmu wata huɗu ce in ta yi kyau, daga Yuni zuwa Satumba, kuma abin da aka girbe shi zai riƙe gida wata goma sha biyu. Gida mai mutum goma, manya da yara, yana cin kusan tiya biyu a rana tsakanin fura da tuwo. A shekara tiya 730 ke nan, buhu 18 da ɗoriya, tunda buhu tiya 40 yake ci. Dami ya danganta da hannun mai ɗauri, amma in kin ƙiyasta tiya shida, ana neman dami 120 da 'yan kai. Ba a fitar da zakka ba, dami ɗaya cikin goma, ba a ware iri ba, ga haraji, ga suna da biki. Sannan lokacin da aka fi bukatar hatsi shi ne damina, lokacin noman fari da maimai, kuma a Yuli da Agusta yake fin tsada. Wanda ya cinye rumbunsa da rani, da damina ƙwadago zai tafi gonar wani, tasa ciyawa ta cinye, baɗi ma ya sake rasawa. Shi ya sa ake ɗebe wasu dammuna a bar wa gida, sauran a shafe bakin rumbu da laka, maza su fice Kano, Ibadan ko Ikko, can baya ma har Gwanja. Ko ba su samo komai ba, an rage baki a kan hatsi.

Abin da ke cike giɓin shi ne gayaunar mace. Gandu na gida ne duka, gayauna tata ce ita kaɗai. A wasu gidaje ana ba ta kwana biyu a mako, a wasu kuma in an tashi daga gandu da azahar sai ta wuce tata. Tana shuka gero da wake, a gefe ta jera sure, kuɓewa da riɗi. Da kaka tana da ladan roron wake, tana da kala bayan an kwashe dammuna. Duk wannan rumbunta yake shiga, ƙarami a bayan ɗakinta, kuma miji ba ya taɓa shi sai da yardarta.

Ba a sussuke hatsi gaba ɗaya. Gero a zangarniyarsa yana iya shekara biyu ko uku, amma tsaba ƙwari na saurin shigarta. Rumbu ana ɗora shi a kan duwatsu saboda gara da danshi, a sabunta jinka kafin ruwan fari, don ɗigo ɗaya in ya samu hanya sai a tarar da zangarniya ta yi baƙi da fumfuna. Wake ya fi komai wuyar ajiya. Sai ya bushe har yana ƙas a haƙori, a gauraya shi da toka ko yashi mai laushi, a cika tulu har baki, a liƙe da laka. In aka bar sarari a wuyan tulun, nan ƙwarin za su samu wurin sakewa, bayan wata biyu a buɗe a ga duk ya huje. Iri kuma tun a gona ake zaɓarsa, zangarniya doguwa mai cika, a rataye inda hayaƙin murhu ke bugunta.

To, ga aikin da ke tsakanin zangarniya da ludayin fura, kowace rana ta Allah. Sussuka a turmi, sannan sheƙa: a ɗaga ƙwarya sama a bar iska ta kwashe ƙaiƙayi. Sai surfe, a yayyafa ruwa kaɗan a daka har dusa ta saki. In ruwan ya yi yawa geron ya caɓe ya manne a turmi, in ya yi kaɗan ƙwayar ta farfashe dusar tana nan. A bakace da faifai, a wanke, a rege tsakuwa, a bar shi ya tsane. Daga nan daka da citta, kanumfari da masoro, a tankaɗe, tsakin ya koma turmi. A cura garin, a jefa a ruwan da ya riga ya tafasa, don in aka sa a ruwa mai sanyi narkewa zai yi. Bayan kamar rabin awa a tsame a kirɓa da zafinsa, ana yayyafa ruwan zafi har ya yi danƙo. Furar da ba ta dahu ba a baki ake gane ta, gari-gari take yi, kuma ba ta kwana. Mace biyu a turmi ɗaya, taɓarya na sauka bi da bi, suna lugude suna tafi tsakanin bugu, tun kafin rana ta fito. Babu abin da ake zubarwa: dusa da ƙasari na awaki ne, kara na darni da murhu, tokarsa a tace a sa a miya madadin kanwa. Nono musaya ake yi da Fulani da hatsi ko dusa. Ranar da babu, a dama da tsamiya ko garin 'ya'yan kuka.

Miya ma matar ce ke samar da ita. Kuka, kuɓewa da lalo tun kaka ta shanya ta daka. Daddawar kalwa sai an dafa ta wuni guda har ɓawon ya yi laushi, a surfa da toka ko yashi, a wanke, a sake dafawa da 'yar kanwa, a tsane, a zuba a kwando da ɗuminta a lulluɓe da ganye da tsumma kwana biyu zuwa uku. Iska mai sanyi in ta shiga ba za ta tashi ba, gishiri in ya taɓa ta ma haka. A arewacin ƙasarmu ɗorawa ba ta da yawa, shi ya sa aka fi yin daddawar batso da 'ya'yan sure.

Asusunta akuya ce, jar nan ta Sakkwato da fatarta ta ƙetare Sahara har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Cikinta wata biyar, kuma sau da yawa biyu take haifa. Ɗan bunsuru a sayar a sayi gishiri, manja da zane, macen a bar ta. Abin da suke tsoro gyauron dawa ne, ɗanyen tohon da ke fitowa bayan girbi, don akuya na iya ci ta faɗi nan take. Da dare kuma ga kaɗi, mazari na juyawa a hasken fitila.

Shekarar da ruwa ya yanke, kamar 1973 da kuma 1984, wadda ake kira 'Yar Buhari, ilmin matan nan ne ya raya yara. Tafasa, yaɗiya, jiga, ƙwayar ƙarangiya, aduwa, goriba, duk sun san lokacinsu. Anza, 'ya'yan wani itacen daji masu ɗaci, ba a cin ta haka nan. Sai an ɓare, a jiƙa kwana da kwanaki ana sake ruwa safe da yamma, ana ɗanɗanawa har ɗacin ya fita sarai, sannan a dafa. Gaggawa a nan tana kwantar da gida.

Kada ki ji na yaba ki ɗauka daɗi suka sha. Rijiya mai gaba ashirin, a ja wasaki da hannu a zafin bazara, a ɗora tulu a kan gammo da goyo a baya. Ruwan tafki ya sa musu kurkunu, ya kwantar da su daidai lokacin noma, kuma sai a 2013 aka tabbatar an raba Najeriya da shi. Naƙuda in ta gardama babu asibiti kusa, wasu sun rasu, wasu sun tashi da yoyon fitsari. Wankan jego da kunun kanwa na kwana arba'in, likitoci sun gano yawan kanwar da zafin kan kumbura mai jego ya taɓa mata zuciya. Wannan kam kada ki gada.

Batun zalunci, akwai inda ya shigo. Ciyarwa a shari'a kan miji take, gayaunar mace taimako ce ta yi don Allah da 'ya'yanta. Mutumin kirki yana ƙirga abin da zai bari, yana aiko da ɗan abin da ya samu ta hannun masu dawowa. Wanda ya liƙe rumbu ya tafi shiru wata biyar, ko ya dawo ya sayar da hatsin ya ƙara aure, ya ci haƙƙi, kuma ko a wancan zamani dattawan tunga sukan zaunar da shi.

Maza sukan dawo cikin Mayu, a yi sassabe, a kai taki, a gyara jinka. Ranar da ruwan shuka ya sauka ake fasa lakar bakin rumbu. Maigida na gaba da sungumi yana sara, matar na biye da ƙoƙon iri, tana jefawa tana binnewa da diddige. Sai an gama gandu ta juya wajen tata gayaunar, da irin da ta sauko da shi daga saman murhu.