Me ya sa ake hana kamun kifin salmon alhali ana kiwonsa da yawa?

Tambaya: Na ji cewa a watan Yunin 2024 ƙasar Norwe ta rufe koguna 33, ta hana kama kifin salmon a cikinsu, alhali ba ƙasar da ta kai ta kiwon wannan kifi. Me zai hana a ɗebo 'ya'yan kifi daga wurin ƙyanƙyasa a zuba a kogunan, masunta su ci gaba da sana'arsu? Daga wani mai karatu a Yawuri.

Amsa: Malam, kifin da ake kiwo a keji cikin teku daban, na kogi daban. Salmon na Tekun Atilantika a kogi ake ƙyanƙyashe shi, cikin tsakuwa. Yakan yi shekara biyu zuwa huɗu a nan, ya gangara teku ya yi shekara ɗaya zuwa uku, sannan ya komo kogin da ya fito don yin ƙwai. Shi ya sa kowane kogi da irin kifinsa, wanda ya saba da sanyin ruwan wurin da lokacin cikarsa.

Masana kuwa ƙwai suke lissafawa. Sai su auna faɗin wurin da kifi ke iya hayayyafa a kogin, su fitar da adadin ƙwan da zai cika shi. Mace tana ba da ƙwai kusan 1,500 a kowane kilo na nauyinta, daga nan ake gane mata nawa ya wajaba su tsira. Rarar da ta haura wannan adadi ita kaɗai ake halatta wa masunta. A Norwe ana son tabbacin cika adadin ya kai kashi 75 cikin ɗari, bisa matsakaicin shekaru huɗu. In babu rara, babu kamun kifi. Haka aka yi wa kogin Tana da ke tsakanin Norwe da Finlan a 2021.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne cikin teku. A can kifayen koguna da yawa ke cakuɗuwa, raga kuma ba ta san na kogin da ke da yalwa ba, balle na wanda saura ƙiris ya ƙare. Don haka majalisar masana teku ta ICES, wadda ke ba NASCO, ƙungiyar kare salmon na Arewacin Atilantika, shawara, ta daɗe tana cewa a kama kifi daga irin da aka tabbatar ya cika adadinsa kawai, kuma a bakin kogi ko cikinsa aka fi iya tantance hakan.

Batun zuba 'ya'yan kifi, an gwada shekaru da dama. Wanda ya tashi a tanki ba ya jure teku kamar na kogi, kuma in ya yi barbara da shi sai zuri'ar ta raunana. Na keji da ya tsere ya fi muni. Ga ƙwarƙwatar teku da ke yaɗuwa daga kejin, tana cin fatar ƙananan kifi a hanyarsu ta fita.

A ganina kuɗin ƙyanƙyasa ya fi amfani in an kashe shi wajen buɗe hanya a madatsun ruwa, da share laka daga tsakuwar ƙwai, da dasa itatuwa a gaɓa don inuwa. Inda aka yarda a kama da ƙugiya a saki, a dakata da zarar zafin ruwa ya doshi digiri 20, domin kifin da aka wahalar cikin ruwa mai ɗumi sau da yawa mutuwa yake yi bayan an sake shi.