Ƙanwar mijina ta sa 'yata a TikTok

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. 'Yata shekararta 6. Da hutun sallah muka je gidan surukata, ta yi fitsarin kwance, sai ƙanwar mijina ta ɗauke ta a waya tana kuka ana yi mata waƙa, ta sa a TikTok. 'Yan ajinsu sun gani, yanzu kullum da kuka take tafiya makaranta. Na yi wa babanta magana, ya ce ai wasa ne. Ina tsoron a ce na shiga tsakanin 'yan uwa. Yaya zan yi?
Wata uwa, daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi wasiƙarki ta sosa mini rai. Wannan ba wasa ba ne, tozarci ne. A da in yaro ya jiƙa shimfiɗa, iyakar zancen tsakar gida: a shanya tabarma, kafin la'asar ta bushe, kowa ya manta. Bidiyo kuwa ba ya bushewa. Yarinyar nan za ta yi 'yan mata, ta yi aure, abin yana ajiye a wayar wani.

Kada ki tunkari ƙanwar mijinki da kanki, dangin miji sai da dabara. Gobe da safe ki bar wa babanta kai ta makaranta, ya ga yadda take ƙanƙame ƙofa. Da dare ki miƙa masa wayar ya karanta abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin bidiyon. Shi ne yayanta, maganarsa ɗaya ta isa ta goge. In ta ƙi, TikTok na da wurin kai ƙara, ki kai, ki nuna ƙaramar yarinya ce ake wulaƙantawa.

Ki kuma san ba fitina kike nema ba, haƙƙi ne. Dokar kare bayanan mutane da Najeriya ta kafa a 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo ake sarrafa bayanan yaro. A Faransa, tun 2024 alƙali na iya hana uba ko uwa wallafa hoton ɗansu in ɗayan bai yarda ba.

Mu ma iyaye da kakanni muna da namu laifin. Ni kaina na sha ɗora jikana a status na WhatsApp sanye da yunifom, ina cewa ai bayan awa 24 zai ɓace. Ran nan mai gyara mana janareta ya kira yaron da sunansa, har ya faɗi makarantarsu, a jikin baji ya karanta. Gabana ya faɗi. Tun ranar na daina. Mu da iyayenmu ko sunan ɗan fari ba sa kamawa saboda alkunya!

Ki je ki ga malamar ajinsu a keɓe, ta tsawatar wa masu tsokanar. Ita kuma yarinyar, ki zaunar da ita a cinyarki yau, ki gaya mata ba ta yi laifi ba, yara da yawa suna yi kuma suna dainawa. In an goge bidiyon, ki fara sanar da ita kafin kowa.